Amsa ga mai son fara zuwa sari Kwatano

Malam, ka tambaya ko har yanzu akwai riba a zuwa Kwatano, da kuma abin da ya sa garin ya shahara haka. Shekara goma sha huɗu na yi ina bin hanyar, daga Maraɗi zuwa Gaya, mu haye gadar Malanbil da ke kan iyakar Nijar da Benin, mu sauka ta Paraku har bakin teku. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Abu na farko da za ka riƙe: Kwatano da kayan wucewa take rayuwa. Ƙasar Benin ƙarama ce, ba za ta iya cinye shinkafa da atamfa da motocin da ake saukewa a tasharta ba. Yawancinsu na Najeriya ne da Nijar. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta zamani a 1965, ita ce ƙofar teku mafi kusa ga mutanen Yamai. Kafin nan wata doguwar gada ce ta ƙarfe da Faransawa suka miƙa cikin ruwa, ana kawo kaya da ƙananan jirage. Layin dogon da suka shimfiɗa kuwa a Paraku ya tsaya, shi ya sa manyan motoci suka gaji hanyar. Ko babban birnin ƙasar a hukumance Porto-Novo ne, amma shugaban ƙasa da kuɗi duk suna Kwatano.

To, wanda abincinsa ke kan iyaka, da iyaka yake kwana yake tashi. A 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokinta na ƙasa. Na je filayen motoci na hanyar Seme, wajen iyakar Benin da Najeriya, a lokacin, wallahi sai da jikina ya yi sanyi: motoci jere har iya ganinka, ƙura ta rufe gilasai, dillalai zaune a inuwa ba mai ko taya su. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 kuma gadar Malanbil ta rufe, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, 'yan kasuwa da yawa suka karkata Lome. Don haka kafin ka canza ko sisi zuwa sefa, bincika halin da iyakarka take ciki a wannan makon, ba na bara ba.

Garin kansa yana da daɗin zama. Ka sauka unguwar Zongo, Hausa za ka ji ko'ina, ga masallaci, ga mai shayi, ga tsire. 'Yan achaba, waɗanda suke kira zemijan, rigarsu ruwan ɗorawa ce mai lamba a baya. Ku gama ciniki kafin ka hau. A Dantokpa, babbar kasuwar garin, mata ne ke riƙe da kasuwar atamfa, kuma sun fi ka sanin lissafi, ka girmama su. Ka koyi ƙirga da Faransanci, in ka ƙara da gaisuwar Fon, yaren mutanen garin, farashi kan sauko.

Kuskuren da na yi shi ne ba wa wani mai fito da kaya kuɗi gaba ɗaya ba tare da takarda ba. Wata biyu kayana suna tasha, kuɗin ajiya yana hawa kullum, ribar tafiyar ta tafi a nan. Tafiyarka ta farko ka bi wani tsohon hannu, ka riƙe masa jaka, ka ga wanda yake miƙa wa takardunsa. Allah Ya sa a dace.