Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haɗa Origami Mai Sarƙaƙiya Daga Taswirar Ninki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya origami, wato fasahar ninke takarda ta zama siffar wani abu, idan ana nuna ninki mataki-mataki. Yanzu na samu taswirar ninki ta wani ƙwaro, mai ƙananan gidaje murabba'ai 32 a tsaye 32 a kwance. Na ninke duk layukan a takardar A4 da na yanka, amma da na zo haɗawa sai ta cukurkuɗe, tsakiyar ta yage. Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Taswirar ninki ba ta faɗa maka abin da za ka yi na ɗaya da na biyu. Hoton takardar ce bayan an warware ta, kuma gangar jikin kawai take nunawa, ban da gyaran ƙarshe. Saboda haka karatu ake fara yi mata kafin hannu ya taɓa takarda.

Matsalarka ta farko takardar ce. Murabba'in da ke fita daga A4 santimita 21 ne, ka ga kowane gida bai kai milimita 7 ba, ga shi takardar buga rubutu mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita ta yi kauri. A ƙafar ƙwaro ninki kan taru sama da goma, dole ta fashe. Nemi takarda mara kauri amma mai jurewa, mai giram 30 zuwa 40, faɗinta ya kai santimita 35 ko 40. Masu wannan sana'a kan manne takardar tishu ta naɗe kyauta guda biyu da ruwan gam mai suna metil selulos.

Irin taswirarka, mai layuka a tsaye da a kwance da kuma na karkace a digiri 45, tana da sauƙin karatu. Duk inda ka ga murabba'ai sun zagaye juna, ƙarami cikin babba, to reshe ne: ƙafa, ƙaho ko fiffike. Tsakiyarsu ita ce tsinin reshen, yawan gidajen daga tsakiya zuwa gefe kuma shi ne tsawonsa. Ƙirga su, ka kwatanta da hoton ƙwaron, har ka san wanne ne wanne. Ka kuma tabbatar ta wace fuska aka zana taswirar, domin da zarar an juya takarda, ninkin tudu (wanda ya taso sama) ya koma ninkin kwari (wanda ya lotsa ƙasa). Yawanci ja ne tudu, shuɗi kwari.

Gidajen 32 suna fita ta raba biyu sau biyar. Amma layukan karkace kada ka ja su daga gefe zuwa gefe. Ninke su a cikin gidajen da taswira ta nuna kaɗai, kuma kowanne ta fuskar da zai kwanta. Ninki gaba da baya sau da yawa shi ke kashe zaren takarda, shi ya sa mahaɗar tsakiya, wato inda layuka suka haɗu, ke hujewa.

Wajen haɗawa, a ganina, nan mutane suka fi ɓata aiki, saboda gaggawar danne ɓangare ɗaya ya kwanta sarai. Kada ka danne komai tukuna. Fara daga kusurwa ko gefe guda, ka tayar da dogayen layukan tsaye, tudu, kwari, tudu, kwari, ka bar su a buɗe rabi-rabi. Idan ka iso reshe, turo tsininsa ta ƙasa da ɗan yatsa ko tsinken sakace, sannan ka matse zobensa na waje, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa ciki. Wurin da ya zauna ka kama shi da maƙalin shanyar kaya ka wuce gaba. Abin da ka yi a dama yi shi a hagu nan take. Takardar za ta yi tsaye kamar kwando na ɗan lokaci, haka ake so. Sai kowace mahaɗa ta san hanyarta sannan za ka tattaro duka a hankali su rufe tare.

Idan wata mahaɗa ta ƙi kwanciya, kada ka sa ƙarfi, ƙirga. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Jun Maekawa na Japan ta ce a kowace mahaɗa da ke cikin takarda ba a gefenta ba, in har za ta kwanta sarai, bambancin yawan layukan tudu da na kwari biyu ne cif: layi huɗu, uku da ɗaya, layi shida, huɗu da biyu. In ka samu biyu da biyu, ka juya wani layi. Ta Toshikazu Kawasaki kuma ta ce idan ka tara kusurwoyin mahaɗar kana tsallake ɗaya, sai sun ba da digiri 180. In ba su bayar ba, akwai layin da ka manta ko ka sa a gidan da ba nasa ba. Manhajar Oriedita na duba wannan a kwamfuta.

Shawarata, yanki wata takarda ka gwada ɓangaren da ya fi wuya shi kaɗai, da manyan gidaje, kafin ka koma kan cikakkiyar. Bayan gangar jikin ta kwanta, shafa ɗan metil selulos a ƙafafun, ka siranta su, ka ɗaure da zare ko siririyar waya har su bushe.