Filin Tambaya da Amsa: Idan Murya Ta Maƙale a Gaban Jama'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata Islamiyya a ƙauyenmu kusa da Ringim. Saura mako shida walimar sauka, kuma ina da yarinya 'yar shekara 11 wadda duk ajin babu mai zaƙin muryarta. Idan tana shara sai ki ji tana rera waƙa tar, amma da na tsayar da ita gaban aji sai ta sunkuyar da kai, muryar ta maƙale. Na yi lallashi, na yi faɗa, abin ya ci tura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah faɗan nan ki ajiye shi daga yau. Tsoro ne ke ɗaure mata maƙogwaro da muƙamuƙi, ya tsayar da numfashinta a ƙirji, faɗa kuwa ƙara tamke ɗaurin yake yi. Kuskuren da aka yi shi ne an fara mata da matakin ƙarshe. Ki duba makaɗanmu na gargajiya: ba sa miƙa wa yaro jagorancin waƙa ranar da ya zo. Amshi yake fara yi a bayan maigidansa, wani lokaci shekaru, har kunnensa ya nuna. Haka za ki bi da ita.

Mako biyu na farko ki sa ta cikin 'yan amshi biyar ko shida, a tsakiyarsu, ba a gefe ba. Mako na uku ita da ƙawarta su riƙa ba da baiti tare. A na huɗu ki haɗa baki da ƙawar ta yi shiru a ɗango na ƙarshe, wato layin ƙarshe na baitin, ita ta ƙarasa ita kaɗai, amshi ya taso nan take ya rufe ta. Ɗango guda ya isa a ranar. Daga nan a ƙara zuwa baiti ɗaya, sannan biyu. Gyara kuma guda ɗaya tak a kowane zama, a keɓe, bayan an tashi. Ki kafa doka a ajin cewa ba a yi wa mai rerawa dariya, domin dariya ɗaya tana iya rushe aikin wata guda.

Wani ɓangare na fargabar yara tsoron mantuwa ne, don haka haddar ta zauna daram, musamman kalmar farko ta kowane baiti. Kafin ta rera, ta fara faɗin baitin kamar magana, don ta ji inda ake jan gaɓa da inda ba a ja. Hausa ba ta yafe wannan: idan ta ja "ga" ɗin garin da ake zaune a ciki, ya koma garin tuwo, masu sauraro su yi murmushi, ita kuma ta rikice.

Makon ƙarshe ku yi gwaji a ainihin filin walimar, a kunna makirufo, domin yaro da yawa yakan firgita ranar da ya fara jin muryarsa a lasifika. Ta riƙe makirufon tazarar yatsu uku daga baki, kada ta dunƙule kansa da tafin hannu, kada kuma ta nufi lasifika da shi, abin da ke jawo ƙarar nan mai tsaga kunne ke nan. Idonta ya tsaya a kan bishiya ko bango can bayan taro.

TAMBAYA: Ni manomi ne daga yankin Ɓagwai, shekarata 56. Na daɗe ina son yin bege a taron Maulidin garinmu, amma da na fara sai murya ta kama rawa, numfashi ya ƙare kafin ƙarshen ɗango, zuwa baiti na uku jijiyar wuyana ta miƙe. Yarana sun ce lokacina ya wuce.

AMSA: Baba, lokacinka bai wuce ba, kuma abubuwa ukun da ka lissafa tushensu biyu ne: numfashin ƙirji da kamawa a sama.

Mu fara da numfashi. Bayan sallar Asuba ka kwanta rigingine a kan tabarma, ka ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci. Hannun ne zai ɗaga, ba kafaɗa ba. Sannan ka sake ta a hankali ta tsakanin haƙora, "sss", har ƙirga goma sha biyu. Minti biyar kullum. Idan ya zauna a kwance, ka koma yi a zaune, sannan a tsaye, kana ƙara ƙirgen har ashirin. Idan ka ji jiri ka dakata, ka ja da yawa ne. A cikin begen kuma ka tsayar da wuraren shaƙar iska tun a gida, kada ka jira sai ta ƙare.

Kamawa a sama ita ce ta fi kayar da sababbin mawaƙa. Fargaba tana ɗaga murya, tana kuma sa gaggawa, sai mutum ya kama baitin farko can sama, idan waƙar ta zo hawa babu sauran wurin hawa, sai maƙogwaro ya shiga dambe. Maganinsa: ka nemo wurin da ya fi tsayi a begen, ka rera shi inda ba ka jin matsi, sannan ka sauko daga nan ka gano inda ya dace ka fara. Galibi za ka tarar kusa yake da muryar da kake hira da ita. Kafin ka tashi yin begen, ka rufe baki ka yi "mmm" a hankali, sama da ƙasa, na minti biyar, har ka ji leɓɓanka suna ɗan kaɗawa. Ka tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a sake, ka fitar da dogon numfashi sau uku. Kada ka cika ciki da tuwo dab da tashi. Ka ba shi awa biyu.

Ka ɗauki kanka a waya sau ɗaya a mako. Muryar za ta yi maka baƙunta, domin ka saba jin ta ta cikin ƙasusuwan kanka, wannan ba aibu ba ne. Fara rera wa iyalinka, sannan abokai uku a majalisa, sannan ƙaramin zama, kafin babban taro.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 14 ne, shi ke jan waƙa a makarantarsu a yankin Gumel. Yanzu muryarsa tana fashewa, yara suna tsokanarsa, ya daina. Ga hunturu ya sa ta dishe.

AMSA: Hajiya, balaga ce. Maƙogwaronsa ke girma, tantanin murya yana ƙara tsawo da kauri, kuma abin yakan ɗauki watanni, wani har shekara ɗaya ko biyu. Ki gaya masa haka ƙarara, don kada ya zaci baiwar ce ta tafi. Kada malaminsa ya tilasta masa tsohon wurin da yake kamawa. Ya sauko ƙasa, ya koma amshi na ɗan lokaci, ya rera a hankali ba da ihu ba.

Dishewar hunturu kuwa bushewa ce da ƙura. Ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ya rufe hanci da baki a kan hanya, ya shaƙi tururin ruwan zafi na minti goma da dare. Zuma cikin ruwan ɗumi tana sanyaya maƙogwaro. Alewa mai yaji-yajin sanyi ɓoye zafin kawai take yi, sai yaro ya ci gaba da wahalar da murya bai sani ba. Ya bar yawan kakari, ya bar raɗa, domin ita ma tana gajiyar da murya. Idan dishewar ta wuce mako uku, ko da zafin haɗiya, ko jini a majina, ko wahalar numfashi, ku je asibiti mafi kusa a tura ku wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.