An ce in raka matata awon rukuni, dole ne sai na je?

Tambaya: Salam Anti, daga Mabera nike rubutowa. Amaryata na da cikin fari wata huɗu, a asibiti sunka sa ta rukunin masu awo, wai har ni an ce in zo wani zama. Gaskiya kunya nike ji, kuma kwanan nan yawan kuka take ba dalili. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sauke ta lafiya. Ka je kawai.

Awon rukuni shi ne a haɗa mata kamar 8 zuwa 12 waɗanda cikinsu ya zo kusan wata ɗaya, su riƙa zuwa rana guda wurin ma'aikaciya guda har haihuwa. Ana gwada hawan jini da nauyi, a duba cikin kowace a keɓe, a ba su maganin ƙarin jini da Fansidar na rigakafin maleriya, sannan a zauna a yi hira. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma mace ta fi jure zuwa in ta san ƙawayenta za su cigiye ta ranar da ba su gan ta ba.

Hirar nan ita ce abin. Mai cikin fari a nan Sakkwato kunya ba ta barinta ta tambayi uwarta balle uwar miji, a layin awo kuwa minti biyu an sallame ta, amma a zaman rukuni sai wata ta ce wallahi ni ba na barci, tsoron naƙuda nike, kawai sai ka ga ta gefenta ta ɗago kai ta ce ni ma haka, daga nan baki ya buɗe. Hukumar ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu ciki na fama da matsalar da ta shafi tunani, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe irin namu ma abin ya fi haka. To kukan nan kar ka ce shagwaɓa ce. In ya wuce sati biyu, ta daina cin abinci ko jin daɗin komai, ka gaya ma ungozomar, in da buƙata za a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. In ta ambaci cutar da kanta, ranar za ku tafi.

Maza kuwa galibi nasu zaman daban ne ko lokaci-lokaci, ka tambayi yadda sunka tsara. Dalilin kiranka, in jini ya ɓalle ƙarfe biyun dare kai ne a ɗakin. Za a nuna maka alamun da ba a jira gari ya waye, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, ko motsin ɗa ya ragu. Ka riƙe lambar mai keke napep na unguwarku, ka ware ɗan kuɗi, ka san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Kai ma in tunanin kuɗin haihuwa da ragon suna na hana ka barci ka faɗa a can, mazan da ke zaune kusa da kai duk lissafin da suke yi ke nan.