Wurin wanka a ɗakin garka: amsa ga yarona

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce wani alhaji ya gina ɗaki a garkarsa ta wajen Jiratawa, inda wayar NIGELEC ba ta kai ba, ruwan famfo ma babu, kuma yana son wurin wanka mai zubo ruwa daga sama irin na gidansa na cikin gari. Kana so in gaya maka wane famfon lantarki za ka sa shi ya saya, da batir da pano na rana nawa.

Kada ka sa shi ya sayi ko ɗaya tukuna. Nauyin ruwan kansa zai yi maka aikin famfon, in ka san inda za ka ɗora shi. Shi ne kuma zai rushe maka aikin in ka raina shi.

Fara riƙe wannan lissafi, don duk aikin a kansa yake tsaye. Tsawon mita 10 na ruwa yana ba da ƙarfin bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne), wato kowace mita ɗaya kashi ɗaya ce cikin goma na bar. Ba girman tono, wato gangar ruwan da za ka ɗora a sama, ke ba da ƙarfi ba. Ko tankin lita 1000 ka ajiye dab da kan mutum, ruwan zai riƙa tsiyaya ne kawai kamar hawaye. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tonon da kan dush ɗin, wato abin nan mai huda-huda da ruwan wanka ke zubowa ta cikinsa. Kan dush yana zama mita 2 daga daɓe. In ka ɗora gindin tonon a mita 3, tonon lita 200 kuma tsayinsa ya kusa santimita 90, to lokacin da yake cike kana da kusan mita 2 na ƙarfi, in ya kusa ƙarewa kuma mita 1. Ba shi da yawa, amma ya isa wanka mai daɗi muddin ba ka shaƙe hanyar ruwan ba.

A nan yawancin yara ke ɓata aiki. Suna zuwa kanti su sayo kan dush mai ƙyalli da tiyonsa siriri mai lanƙwasa, wanda aka ƙera don ruwan gari mai ƙarfin bar 2 ko 3, su ɗaura shi a ƙarƙashin tono, sannan su ce tonon ne bai yi ba. Irin waɗannan kawuna da yawa akwai ƴar roba a wuyansu da aka sa don rage ruwa. In dole sai da shi, kwance ka cire ta. Ni dai na fi son kai mai faɗi, mai huda 30 zuwa 40, kowace kamar milimita 1. Da tsawon da na faɗa maka zai ba ka lita 5 ko 6 a minti. Kana iya ƙera shi da kanka: ɗan guntun tiyon PVC mai faɗi da murfinsa, ka huda murfin da siririn bakin injin huda, ka bi bayan hudar ka goge tsinin robar da ya fito, in ba haka ba ruwan zai riƙa fita a karkace. Kada ka liƙe murfin da gam, a bar shi mai kwancewa, domin ruwan garka ba ya rabo da yashi.

Tiyo ka sa na milimita 25 tun daga tono har ƙasa, kada ka rage shi a hanya. Kowace gwiwa da ka ƙara tana cin ƙarfi, saboda haka biyu sun isa, uku sun yi yawa. Robine kuwa ka nemi mai hannu ɗaya da ake juyawa kwatan zagaye, wanda in ka buɗe shi ka leƙa kana ganin haske ta ɗaya gefen. Mai murɗawa zagaye-zagaye yana lanƙwasa ruwa a cikinsa, ba na wannan aiki ba ne. Ka fitar da wani reshe ƙasa, kamar santimita 50 daga daɓe, ka sa ƙaramin robine don buta da alwala. Alhaji bai ce maka ba, amma shi zai fi buɗewa.

Tonon kansa. Ka tambayi mai sayarwa abin da ya taɓa zama a ciki, kuma kada ka tsaya ga bakinsa, buɗe ka shinshina. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona ko wani sinadari ba ya wankuwa, roba tana shan abin. Ka bar shi ko kyauta aka ba ka. Fari mai barin haske ya shiga zai yi gansakuka cikin ƴan kwanaki, don haka shuɗi ko baƙi. Ka huda mafitar ruwa santimita 5 sama da gindi don laka ta kwanta ƙasa, ka sa wata mafita can ƙasan don ranar wanke shi. Murfi ya rufu, amma ka bar ƴar kafar iska, ka ɗaure ta da gidan sauro. In ka toshe tono ruf, ruwa zai fara zuba sannan ya tsaya, ka kwance aikin gaba ɗaya kana neman abin da ya toshe alhali iska ce ba ta samu shiga ba. In ka bar shi a buɗe kuma ka yi wa alhaji gonar sauro a kan ɗakinsa.

To, yanzu nauyi. Lita 1 kilo 1 ce. Tono cike kilo 200 ne da ɗoriya, buhun siminti huɗu ke nan a rataye saman kan mutum tsirara wanda sabulu ya rufe wa ido. Ina so wannan ya tsaya maka a rai duk lokacin da kake aikin ƙafafun da za su ɗauki tonon. Kada ka ɗora shi kan rufin ƙasa, komai kaurin azarar. Tono ba ya rasa ɗiga, ɗigar kuma tana jiƙa ƙasar rufin a hankali har ranar da za ta saki. Kan kwano ma a'a. Ka sa mai walda ya yi maka ƙafafu huɗu da ƙarfe mai kusurwa na milimita 50, da ƙarafan gicciye a kowane gefe, domin gicciyen ne ke hana shi rangaji. Kowace ƙafa ta shiga rami na santimita 60 a zuba mata kankare. Ka kafa shi a bayan bangon wurin wankan, tiyo kaɗai ya shigo ciki, ta yadda ko wani abu ya faru ba kan mutum zai faɗo ba. Saman ya zama shimfiɗaɗɗe da zai tallafi gindin tonon duka, saboda roba a rana tana laushi, in a kan ƙarafa biyu kawai take zaune za ta lotsa ta tsage. Sannan ka ɗaure shi da ƙarfe. Ka san iskar farkon damina a nan, ta watan Yuni, wadda ke zuwa da jan ƙura kafin ruwa. Tono maras ruwa a mita 3 ba ya tsaya mata. In alhaji ya ce da itace za a yi don sauƙin kuɗi, giginya ce kawai zan yarda da ita, sauran gara za ta cinye su ta ciki kana ganin waje lafiya.

Akwai tambayar da ba ka yi ba: wa zai kai ruwan sama? Bidon mai lita 25 sau takwas ke cika tono, kuma mai gadin garka ba zai daɗe yana hawa tsani da shi ba. Tunda garka ce, akwai injin ban ruwa ko famfon rana a bakin rijiya. Ja reshe daga can da robine nasa, a cika tonon lokacin ban ruwa. In babu ko ɗaya, gaya masa gaskiya: bokitin lita 20 da aka sa wa robine da kan dush a gindi, ana jan sa sama da igiya, ya fi masa tonon da zai zauna fanko. Mutum ɗaya in ya jiƙa jiki ya rufe, ya sa sabulu sannan ya buɗe, lita 15 zuwa 20 sun ishe shi har wankan tsarki.

Zancen ruwan zafi kuwa, ka yi masa bayani tun yanzu don kada ya zarge ka a watan Janairu. Baƙin tono yana ɗumama ruwa da rana, ya yi daɗi da la'asar, amma da asuba lokacin hunturu ya huce sarai. In yana son ƙari, nannaɗe baƙin tiyon ban ruwa na milimita 25, mita 50, a kan kwano inda rana ke duka. Yana ɗaukar kusan lita 16, wankan mutum guda. Sai dai a watan Afrilu da Mayu, da zafinmu ke wuce digiri 40 a inuwa, ruwan da ya yini cikin wannan tiyo yana iya haura digiri 60, wanda ke ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, ta yaro kuma ta fi saurin ƙonewa. Saboda haka ba a yin sa da layi ɗaya. Layin sanyi daban, na zafi daban, kowanne da robine nasa, su haɗu kafin kan dush, kuma a saba da fara buɗe na sanyi. Da bazara a rufe na zafin gaba ɗaya, a yi wa tonon rumfar zana. In alhaji sai ƙarshen mako yake zuwa, ruwan da ya yi kwanaki yana ɗumi a tsaye bai kamata ya watsu a fuska ba. A sake shi ga itatuwa a cika sabo, kuma lokaci-lokaci a wanke tonon da ɗan ruwan jabel, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi cin raina a wannan sana'a shi ne ganin wurin wanka mai kyau a sama, ƙasansa kuma kwata. Duk ruwan da ka kai sama zai sauko, kuma sai ya sami inda ya nufa ko ka shirya masa ko ba ka shirya ba. In ɗakin na ƙasa ne, gindin bango zai nufa. Zagaya unguwanni ka duba katangun da ke bayan makewayi, za ka ga yadda gindinsu ya zaizaye ya yi farin gishiri. Don haka wurin wankan ya rabu da bangon ɗakin kwana. Layi uku na farko a yi su da bulon siminti a shafe su, ko da sama zana ce ko kwano. Bangon ya kai mita 2 saboda sutura.

Daɓe mita 1 da santimita 20 kowane gefe ya wadatar. Ka ba shi gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa kusurwa ɗaya, ka gwada da ruwa tun simintin bai gama kamawa ba. Kada ka goge shi ya yi sulɓi don ya burge ido, sabulu a kan sulɓi yana karya ƙugun tsoho. Bi shi da soso ya ɗan yi kaushi. Ka riƙa jiƙa shi kwana 7, iskarmu busasshiya ce, siminti in ya bushe da wuri tsagewa yake. A mafitar ka sa sifo mai riƙe ruwa don wari da kyankyasai kada su biyo tiyo su dawo, sai tiyon PVC na milimita 63 a binne shi, shi ma da gangarensa. PVC in ya zauna a rana yana bushewa ya riƙa fashewa.

Kada ka zuba wannan ruwa a ramin masai, zai cika shi da wuri. Ramin kansa za ka yi masa, kuma kafin ka haƙa, gwada ƙasar. Tona ɗan rami na santimita 30, cika shi da ruwa, in ya shanye ka sake cikawa ka duba na biyun. A jigawa za ka ga yana tafiya kana tsaye. Nan rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1 da rabi ya isa, a cika shi da duwatsun marmara, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da murfin kankare. Ya yi nesa da kowane bango da mita 3 aƙalla. Amma garake da yawa na wannan yanki a fadamar Gulbi suke, ƙasar laka ce, da damina kuma ruwan ƙasa yana tasowa kusa. A can rami mai zurfi tafki ne za ka yi masa. Gara doguwar kwata marar zurfi, cike da tsakuwa, a rufe ta da ƙasa, a dasa ayaba ko gwanda a bakinta su riƙa sha. Kada ruwan wanka ya je kan salati ko wani ganye da ake ci ɗanye, kuma ka san mutane suna fitsari a wurin wanka ko sun ce ba sa yi. Rijiya kuwa, mita 30 tsakaninta da ramin, kuma ramin ya zama ta gangare, domin wannan rijiyar ce masu aikin garka ke sha. A kan wannan kada ka sassauta ko alhaji ya ce wuri ya yi masa kaɗan. Kafin tiyon ya shiga rami, gina ɗan akwatin siminti mai murfi ka sa guntun buhu a ciki ya tare gashi da kitsen sabulu. Su ne ke toshe ramin, ba yawan ruwa ba.

Famfon da ka tambaya yana da ranarsa. In wurin ba ya ɗaukar dogayen ƙafafu, ko alhaji ya nace sai ruwa mai duka, akwai ƙanana masu bolt 12 da ke tashi da kansu in an buɗe robine, su mutu in an rufe. Batir ɗaya da ƙaramin pano sun riƙe shi, tunda ƴan mintuna yake aiki a yini. Sai ka sa masa matata a gaba saboda yashi na lalata shi, ka sa fis kusa da batir, batirin kuma ya zauna cikin ɗaki nesa da jiƙa.

Gobe ka koma garkar da mita da shebur. Auno mini nisan rijiya daga inda yake son wurin wankan, ka duba ta ina ƙasa ta gangara, ka yi gwajin ramin nan, ka tambayi mai gadi inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. In ka kawo waɗannan sai mu zauna mu rubuta kayan da za a sayo.