Ga mai neman banh mi mai kyau a Ho Chi Minh

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka shiga Ho Chi Minh sarin kaya, kuma kana son sanin inda ake samun banh mi mafi daɗi, wato burodin nan na 'yan Biyetnam da ake tsagawa a cusa masa haɗi. Na ga wasu sun riga sun turo maka sunayen shagunan da suka gani a YouTube. Shagunan suna nan, ba ƙarya, amma kafin ka hau babur ka nufi can ya kamata ka san cewa kusan duk inda ya yi suna a garin nan da naman alade ya yi sunansa.

Ɗauki Huynh Hoa da ke lamba 26 a titin Le Thi Rieng, wanda kowa ke ambata. Layi za ka tarar har bakin titi, rabinsu 'yan yawon buɗe ido, rabi kuma yaran Grab, kamfanin masu babur da ke kai saƙo, masu koren riga da aka aiko. Guda ɗaya ya haura dong 60,000 (dong shi ne kuɗin ƙasar), alhali a bakin hanya da 20,000 ko 25,000 ka ci ka ƙoshi. Abin da ke sa shi nauyi a hannu shi ne yanka-yankan naman alade kala-kala da niƙaƙƙiyar hanta. Haka ma Hoa Ma na titin Cao Thang, wanda aka buɗe tun 1958, inda ake kawo ƙwai da nama a ɗan ƙaramin kasko, burodi a gefe, ana zaune kan 'yan kujerun roba a cikin lungu. Wuri ne mai tarihi, masu shi daga arewa suka gangaro bayan an raba ƙasar a 1954, kuma ana lissafa su cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Saigon, wato tsohon sunan Ho Chi Minh. Ka je ka gani in kana so, amma abincin ba namu ba ne.

Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne ya ce a ba shi na ƙwai ko na kaza, ya ɗauka ya tsira. Ka tsaya ka kalli hannun mai sayarwa sau ɗaya kawai. Tana tsaga burodin, kafin ka buɗe baki wuƙa ta riga ta shiga kwanon hantar nan da suke kira pa-te, ta shafa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ta shafa wani mai rawaya da ake yi da kwaiduwa da man girki. Hantar galibi ta alade ce. Daga ƙarshe ta barbaɗa wani abu da suke kira cha bong, wanda in ka gan shi za ka rantse dambun nama ne, alhali shi ma yawanci alade ne. Ko ka ce mata "khong pa-te", ma'ana ban da hanta, wuƙar ɗaya ce, katakon yankan ɗaya ne, wani lokaci har kaskon suyar ƙwan. Ni dai na daina wannan cinikin da masu amalanken da ke sayar da alade. Kowa da inda zuciyarsa ta kwanta, amma ni hankalina bai kwanta ba.

To ina za ka? Ka bi masallatai. Akwai babban masallacin Saigon a lamba 66 titin Dong Du, wanda Musulmi 'yan kudancin Indiya suka gina a 1935, kuma kewayensa akwai gidajen abinci na halal. Ranar Juma'a bayan an sauko za ka ga mata 'yan ƙabilar Cham da kayan ci a bakin ƙofa. Su Cham ɗin nan su ne yawancin Musulmin ƙasar, da yawansu daga yankin An Giang suke, kusa da iyakar Kambodiya. Ka tambaye su ko ka tambayi ladan inda suke sayen nasu, don wanda ke ci kullum ya fi intanet sani, kuma ƙananan masu sayarwa kan tashi daga wannan kwana su koma waccan. Sai titin Nguyen An Ninh, daf da kasuwar Ben Thanh, inda 'yan Malesiya ke cika saboda sayen hijabi da yadi. Can za ka ga rubutun halal birjik, har da masu banh mi na kaza da na sa. Farashinsu ya ɗan ɗara na gari saboda baƙi, kuma gaskiya ba duka ke da daɗi ba. Wasu burodinsu ya kwana, sai su dumama su miƙo maka. In ka samu lokaci ka gangara unguwar Cham da ke titin Duong Ba Trac, wajen masallacin Jamiul Anwar. A can ne na ci wanda har yanzu nake tunawa, an sa masa tung lo mo, wato naman sa da suke ɗurawa a hanji su shanya sannan su gasa, mai ɗan tsami-tsami.

Hanya ta biyu da mutanenmu ba su cika sani ba ita ce banh mi chay, na masu bin addinin Buddha da ke ƙaurace wa nama. A ciki awara ce da naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima (mushroom), ba naman tsuntsuwa ba, har "hantar" ma da wake ko naman kaza ake yin ta. Ka nemi shagon da chay kaɗai yake sayarwa, galibi kusa da wuraren ibadarsu, kuma sun fi yawa ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watansu na gargajiya. Kar ka raina shi. Wanda aka yi da kyau, da soyayyiyar awara mai zafi da barkono, ya fi na kazar da ta bushe a gilashi tun safe.

Yanzu maganar gane mai kyau, wadda ita ce ainihin tambayarka. Burodin ne komai. Faransawa ne suka shigo da shi bayan sun kama Saigon a 1859, kamar yadda suka bar wa 'yan'uwanmu na Nijar dogon burodinsu, sai dai 'yan Biyetnam sun gajarta shi, ɓawon ya zama siriri, cikin kuma sakayau kamar babu komai. In ka matsa shi kaɗan ya kamata ya yi ƙaras, ɓurɓushi ya zubo maka a riga. In ya lanƙwashe shiru ya dawo, ya sha iska, wuce gaba. Wannan burodi ba ya jure awanni, balle a garin da ke da laima haka, musamman daga Mayu zuwa Nuwamba lokacin damina. Shi ya sa nake cewa lokaci ya fi sunan shago muhimmanci. Tsakanin ƙarfe shida zuwa takwas na safe, sa'ad da masu babur ke sauke kwandunan burodi daga gidan gashi, ko mai ƙaramar amalanke ma nata zai yi daɗi. Mai kirki tana da ɗan murhun gawayi ko akwatin dumama a ƙasan amalanken, kuma sai ka biya take haɗa naka. Wanda aka riga aka haɗa aka jera a leda, ko kyauta ne ka bar shi.

Sai ka dubi kayan tsamin, wato karas da wata farar saiwa da ake yankawa siri-siri a jiƙa a ruwan khal da sukari. Su ne ke karya maiƙon, don haka ya kamata su yi garas-garas a baki. Da kokwamba, da ɗanyen ganye mai ƙamshi, da ɗan Maggi na ruwa. Barkononsu ƙanana ne amma ba su da wasa, ko da yake ga wanda ya saba da yajin tsire ba abin tsoro ba ne. Ka kula da man kwaiduwar nan in rana ta take, domin ɗanyen ƙwai ne, kuma lokaci-lokaci akan ji labarin mutane da yawa sun kwanta asibiti saboda shi. Inda ake layi kaya ba sa daɗewa, shi ne amfanin bin taron 'yan gari.

Wajen biya kuma ka buɗe ido, takardar dong 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, da asuba ko da dare mutum kan miƙa wannan a madadin waccan. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihun gaba. Allah ya kai ka lafiya, ya ba da kasuwa.