Tambaya da Amsa: IPSC ko IDPA, wanne ya fi armashi?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon gasar harbin fistol a YouTube, tsakanin IPSC da IDPA wanne ya fi daɗi? Daga mai karatu, Kawo, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa IPSC da IDPA ƙungiyoyi ne masu tsara gasar harbi, kowacce da salonta, ni dai IPSC ta fi burge ni wallahi. A 1976 aka kafa ta a Amurka, kai zaka tsara yadda zaka bi filin, kana gudu kana harbi, sannan a raba makinka da sakan ɗin da ka ɓata, kaga kenan sauri da saiti dole ka haɗa su. IDPA kuwa ta 1996 ce, bindigar na ɓoye ƙarƙashin riga, sai ka fake bayan shinge kafin ka harba, dokokinta sun yi yawa gaskiya. In ƙarar ƙarfe ke maka daɗi nemi gasar Steel Challenge, farantin ƙarfe biyar ake harbi kowane zagaye.