Motata tana zafi a cunkoso: in bari a cire tamostat?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005. Duk lokacin da na shiga cunkoso a cikin Kano sai allurar zafi ta haura kusa da ja, amma da hanya ta buɗe na ɗan taka sai ta sauko. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ma ta kunnu a allon mota. Bakanike ya ce a cire tamostat kowa ya huta. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda tukuna, domin bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ya kamata a fara dubawa, kuma ba wajen tamostat ba ne, wato abin da yake buɗe wa ruwan inji hanya zuwa lagireto. Motar da take zafi a tsaye, ta huce a guje, iska ce ba ta ratsa lagiretonta yadda ya kamata. A kan babbar hanya gudun mota ne yake tura iskar, amma a cunkoso aikin fanka ne kaɗai, kuma fankar wannan Corolla da lantarki take aiki. Ka tsayar da motar, ka bar injin yana aiki, ka kunna na'urar sanyi, sannan ka leƙa ta bayan lagireto. Idan fankar ba ta juyawa, ko tana juyawa a kasalance, sai a duba fis ɗinta da rile da kuma ita kanta fankar. Idan tana aiki sosai, ka haska fitila ta gaban lagireto, domin ƙurar hunturu da ƙwari sukan toshe ƙananan ramukansa har iska ta rasa hanya, kuma ba a cika gane haka ba sai zafin Afrilu ya haura digiri 40.

Murfin lagireto ma abin dubawa ne, ko da yake mutane sun raina shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi a ciki har ruwan ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta tsage, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana ficewa kaɗan-kaɗan. Haka kuma yawan zuba ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara tsatsa da farin datti a cikin bututun lagireto, shi ya sa aka fi so a yi amfani da ruwan sanyaya inji na galan, mai launin kore ko ja.

Shi kuwa tamostat, aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai kimanin digiri 82, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Yakan lalace ya maƙale a rufe, gaskiya ne, sai dai a irin wannan hali motar takan yi zafi ko ana gudu, kuma tiyon ƙasa na lagireto zai kasance da sanyi alhali injin yana ƙuna. Idan an tabbatar ya lalace, a sa sabo. Cire shi gaba ɗaya ɗabi'a ce da ta yaɗu a garejojinmu, kuma a ganina ɓoye cuta ce kawai: injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, fankar da ta mutu kuma tana nan a mace.

Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ba ta faɗin matsala da kanta. Motoci irin taka suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto lambar matsalar, saboda haka kada ka bari a cire kan batir don a kashe ta kafin a karanta. Idan tana kunne ba ta ƙyaftawa, za ka iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, injin yana tsallake wuta, kuma jinkiri zai jawo asara.

Jajayen fitilu ba a jinkirta musu. Mai kama da buta tana nufin matsin baƙin mai ya faɗi, sai a kashe inji nan take. Idan ta batir ta kunnu, allurar zafi kuma ta tashi tare da ita, mai yiwuwa fanbel ne ya tsinke, domin a wannan injin bel ɗaya ne yake juya altaneta da famfon ruwa.

Idan allurar ta sake kaiwa ja, ka gangara gefe ka kashe motar, kada ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sarai, domin tururinsa yana salluɓe fata. Bayan ya huce, ka duba sandar auna baƙin mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa yana raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, to mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuma janwe ya kamata ya kai ta gareji.